Haƙƙin Wanda Aka Kama, Tun Daga Zauren Dagaci Har Zuwa Kotu

Jawabi ga hakiman ƙasar Haɗeja da malamansu

  

Maganar yau a kan mutumin da ake zargi da laifi ce, watau wanda aka ce ya yi, amma kotu ba ta riga ta ce ya yi ba. Irin wannan mutum yana da haƙƙi a dokar Nijeriya, kuma yawancin haƙƙin nan a rana ɗaya ake tsare masa shi ko a tauye shi, ita ce ranar da aka kama shi. A wannan rana babu alƙali kusa, babu lauya. Waɗanda ke kusa su ne mai unguwa, da dagaci, da hakimi, da malamin hakimi.

Wani zai ce, ina ruwan hakimi da wannan, tun da yanzu ba shi ke kamu ba, ba shi ke shari'a ba? Gaskiya ne, an daɗe da raba shi da waɗannan. A zamanin En'e, sa'ad da Haɗeja take cikin Lardin Kano, Sarki yana da majalisarsa ta shari'a, En'e tana da alƙalanta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta. Hakimi ya ce a kamo wane, kafin la'asar an kawo shi. Lauya kuwa ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali, kome kuɗin mutum. Da mulkin kai ya matso sai ƙorafi ya yi yawa, musamman daga 'yan hamayya da waɗanda ba Musulmi ba, cewa ikon kamu da na shari'a da na ɗauri duk sun taru a hannu ɗaya. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta gayyato masana shari'a su duba al'amarin. Shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Akwai kuma Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da manyan ƙasa irin su Shettima Kashim, Wazirin Borno. Daga shawararsu aka sami dokar laifuffuka ta 1959, wadda jama'a suka sani da Final Kod, da dokar tsarin shari'ar laifi ta 1960. Tsarin mulkin 1960 kuma ya zo da babi guda a kan haƙƙin ɗan Adam. A 1967 da 1968, zamanin soja, aka rufe kotunan sarakuna, aka mai da alƙalai hannun gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya.

To, doka ta sake, amma ƙafar talaka ba ta sake hanya ba. Har yau a Auyo, da Birniwa, da Guri, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Kirikasamma, da Malam Madori, har cikin birnin Haɗeja, in an kama ɓarawon akuya ko an yi faɗa a gona, ƙofar mai unguwa ake fara zuwa. 'Yan sanda ma in za su shiga ƙauyen da ba su sani ba, dagaci suke nema ya nuna musu gida. Saboda haka hakimi ba shi da ikon kamu, amma yana da abin da ya fi wannan nauyi a ranar farko: ana jin maganarsa.

Domin maganar ta fita sosai, bari a ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. Misali ne kawai, ba labarin wani ba, amma kowane hakimi na bakin kogi ya ga irinsa. Kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta nuna, shanu sun gangaro neman ciyawa. Wurin ya riga ya matse wa kowa, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sake, kacalla kuma ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki masu yawa. Da dare shanu suka faɗa wa gonar wani, mai gona ya fito, aka yi faɗa, aka ji masa rauni a ka. Saurayin da ke kiwo ya gudu. Da gari ya waye 'yan sintiri suka tafi ruga, ba su same shi ba, sai suka taso ubansa, tsoho wanda Fillanci ya fi masa Hausa, suka kawo shi zauren dagaci, jama'a na biye da su.

Ba a kama wani a madadin wani

Tun nan an riga an keta doka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ake aiki da ita tun 1943, ta hana a kama mutum a madadin wanda ake nema. Haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, wadda jihohi suka bi sahunta da tasu, har da Jigawa. Uba ba ya zama jingina domin ɗa ya fito, mata ba ta kwana a caji ofis domin miji ya dawo. Abin da aka hana ɗan sanda mai kaki da lamba, ba a halatta shi ga ɗan sintiri ba. A tambayi tsoho inda ɗansa ya nufa, a roƙe shi ya kawo shi, a kira arɗo ya sa baki, duk wannan daidai ne. Amma in an gama tambaya sai ya koma rugarsa. Dabarar kama uba tsohuwar dabara ce, kuma masu yin ta sukan ce tana aiki. Tana yi wani lokaci. Abin da ba sa lissafawa shi ne gabar da take bari tsakanin ruga da gari, wadda hakimi ne zai yi ta fama da ita shekara da shekaru bayan 'yan sandan da suka yi kamun an sake musu wurin aiki.

A ce kuma saurayin aka kama, ba uban ba. Doka ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mutumin da ya yi laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da babban laifi. Amma sharaɗin shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda nan da nan. Zauren dagaci ba gidan waƙafi ba ne, ofishin 'yan sintiri kuma ba kotu ba ne. Babu izinin a kwana da shi ɗaure a turke wai sai ya faɗi gaskiya.

A nan ya kamata a tsaya a kan dokar hana azabtarwa ta 2017, domin mutane da yawa ba su san ta shafe su ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya hana azaba da wulaƙanci. Dokar 2017 ta zo ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu hukunci. Duka yana ciki, da hana abinci, da hana barci, da tsoratar da mutum cewa za a kashe shi ko a taɓa iyalinsa. Har da abin da a da ake ɗauka horo ne kawai: a tuɓe mutum, a aske masa kai, a zaga gari da shi yara na ihu. Hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara 25. Ba a karɓar uzurin cewa na gaba ne ya ba da umurni. Abin da ya fi shafar masu sarauta kuwa shi ne, dokar ba ta tsaya kan mai bulala kaɗai ba, ta haɗa da wanda yake wurin ana yi. Dagacin da ya zauna a kan buzunsa ana dukan yaro a ƙofar gidansa, ya ce shi bai taɓa shi ba, wannan magana ba lalle ta fishe shi ba.

A caji ofis

An kai saurayi wurin 'yan sanda. Abu na farko, sai an gaya masa dalilin kama shi. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce cikin awa 24 a ba shi dalilin a rubuce, da harshen da yake ji. Wajibi ne kuma a sanar da danginsa inda yake, ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Kayan da aka samu a jikinsa, kuɗi ne, waya ce, sanda ce, a rubuta su. Ba a sa masa ankwa sai in ana tsoron zai gudu ko zai yi faɗa. In mace ce, mace ce za ta caje ta.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi kowane muhimmanci. Yana da ikon ya yi shiru, kada ya amsa kowace tambaya, sai ya yi shawara da lauya, ko da wani mutum da shi da kansa ya zaɓa. A lura da wannan ƙarshen. Waɗanda suka rubuta Tsarin Mulki sun san ba kowane gari ke da lauya ba. Makiyayi a Guri ko masunci a Kirikasamma bai san lauya ba, amma ya san kawunsa, ya san limamin garinsu, ya san arɗo ko bulama, ya san malamin hakimi. Kowane daga cikinsu yana iya zama wannan mutum, in shi ya zaɓe shi. Wanda aka zaɓa kuwa ya san amana ce aka ba shi. Ba an kira shi ne ya taya 'yan sanda matsa wa yaro ba, ba kuma an kira shi ya koya masa ƙarya ba. Aikinsa ya ga an bi hanya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma yana da ikon a gaya masa akwai Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, mai ba da lauya kyauta ga marasa hali.

Wannan haƙƙi na yin shiru ba yau aka ƙago shi ba. Tun 1912 alƙalan Ingila suka rubuta wa 'yan sandansu ƙa'idar yi wa mutum gargaɗi kafin a ɗauki maganarsa, kuma a 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta irin wannan gargaɗi a shari'ar Miranda.

Amma fa kada a ɗauka shiru ne kullum ya fi. Akwai maganar da in an yi jinkirin faɗinta takan rasa ƙarfi. In saurayin nan ba shi ne ya yi kiwo a daren ba, yana Malam Madori wurin biki, to ya faɗa tun da wuri, ya faɗi gidan da ya kwana da mutanen da suka gan shi, domin 'yan sanda su je su bincika. Kotuna sun sha ƙin karɓar irin wannan kariya daga wanda bai ambace ta ba sai da aka zo gaban alƙali. Wannan ne amfanin shawara: mai hankali ya zauna da shi, ya ji abin da ya faru, sa'an nan a san abin da za a faɗa yanzu da abin da za a bari sai an sami lauya.

Takardar bayani

Yawancin shari'un laifi a ƙasar nan a kan takarda ɗaya suke tsayawa, ita ce bayanin da aka rubuta a caji ofis aka sa mutum ya dangwala yatsa. Malaman hakimai, da yake su ma'abuta alƙalami ne, sun fi kowa sanin abin da takarda ke iya yi wa wanda bai iya karatu ba. Ƙasar Haɗeja kuma ba harshe ɗaya gare ta ba. Akwai Hausawa, da Fulani, da Mangawa, da Badawa. Saurayi ya yi magana da Fillanci, wani ya juya da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci. Ya ce ya kai sanda domin ya kare kansa daga adda, takarda ta fito ta ce ya bugi mai gona a ka. Duka biyu sun faru, amma rabin da aka bari shi ne rabin da zai cece shi.

Saboda haka doka ta ce ba a tilasta wa mutum ba da bayani, sai in ya so. In ya so, a ɗauka a gaban lauyansa, in babu, a gaban jami'in Hukumar Taimakon Shari'a ko wani da ya zaɓa. In ba ya jin Turanci a kawo tafinta, a rubuta, a karanta masa har ya gane, tafinta ya sa sunansa da hannunsa. Kotuna sun sha cewa in ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, sai an kawo tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. In kuwa amsa laifi mutum zai yi, dokar 2015 ta tanadi a ɗauki hotonsa na bidiyo yana magana. An daɗe ana ɗaukar wannan tanadi kamar shawara ce kawai, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2024 cewa wajibi ne, ta tabbatar da watsi da ikirarin da aka ɗauka babu lauya babu bidiyo.

Ikirarin da aka samu da duka kuwa, Dokar Shaida ta 2011, sashe na 29, ta ce kotu ba za ta karɓe shi ba, ko da abin da ke ciki gaskiya ne. Da zarar wanda ake tuhuma ya ce matsa masa aka yi, nauyi ya koma kan masu gabatar da ƙara su tabbatar ba haka aka yi ba.

Kada wani ya ce wannan dokar Nasara ce. Malaman da suka karanta Risala da Muhtasar sun san ƙa'idar tun kafin Turawa su ci Haɗeja da yaƙi a 1906: hujja tana kan mai da'awa, ba a kan wanda ya musa ba. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wanda ya yi ikirari bayan an tsorata shi, ko an ɗaure shi, ko an buge shi, ikirarin ba ya kama shi. Gaskiya ne wasu malamai na baya sun sassauta a kan mutumin da ya shahara da sata, kuma da wannan sassauci aka yi ta fakewa a zamanin da. Dokar ƙasa ta rufe wannan ƙofa. A laifuffukan haddi kuma mutum yana da ikon janye ikirarinsa. Jihar nan ma ta ga abin da dogara ga ikirari kaɗai ke jawowa. A 2002 wata kotun shari'a a Dutse ta yanke wa wani mutum hukuncin jefewa bisa amsa laifin da ya yi da bakinsa. Danginsa suka ɗaukaka ƙara, a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta soke hukuncin, domin ya tabbata mutumin yana da taɓin hankali. Da danginsa ba su tashi ba, da maganar bakinsa ta kashe shi.

Akwai masu cewa duk waɗannan dokoki gatan ɓarawo ne, mai gona da aka fasa wa kai shi wa ya kula da shi? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin misalin nan. In an doki saurayi ya amsa, 'yan sanda sukan ga aiki ya ƙare. Ba a je gona an ga sawun shanu ba, ba a karɓi takardar likita a kan raunin ba, ba a rubuta sunan maƙwabcin da ya ji ihu ya fito ba. Bayan wata takwas a zo kotu, lauya ya nuna tabon bulala, alƙali ya yar da takardar. Sa'an nan sai a waiwayi shaida, a tarar gona an girbe, rauni ya warke, maƙwabci ya tafi ci-rani. Mai laifi ya fita, mai gona ya tashi a tutar babu. In kuma wanda aka doka ba shi ne ya yi ba, to an yi hasara biyu, domin mai laifin na can yana yawo. Hakimin da ke son mai gona ya sami haƙƙinsa, ranar farko zai tura wakili da malami su ga ɓarna, su kimanta ta, su sa a kai mai rauni asibiti.

Kwana nawa za a riƙe shi

Sashe na 35 ya ƙayyade. In akwai kotun da ke da ikon jin maganar cikin kilomita 40, watau wajen mil 25, a kai shi cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A lura, kotu ce ke ganin ya dace, ba mai riƙe da mabuɗi ba. A ƙasar fadama wannan yana da ma'ana, domin in ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, garin da ke kusa a taswira yakan zama sai da kwalekwale. Uzuri ne na gaskiya, amma a gaban alƙali ake faɗinsa. Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata masu sarauta su ƙi sa hannu a ciki, ita ce mai ƙara ya jira sai yammacin Juma'a ya sa a kama abokin gabarsa, domin ya kwana uku a kulle kafin kotu ta zauna ran Litinin.

In laifin ba na kisa ba ne, kuma ba za a iya kai mutum kotu cikin awa 24 ba, 'yan sanda suna da ikon ba da belinsa. Beli kyauta ne. Mai tsaya wa mutum alkawari yake yi cewa zai kawo shi ran da aka ce, ba saye yake yi ba. Mace ma tana iya tsaya wa mutum, doka ta hana a ƙi ta don tana mace. Sau da yawa kotu takan nemi takardar dagaci ko ta hakimi, ta shaidar cewa an san mai tsayawa, an san gidansa. Wannan takarda ƙofar gidan yari ce a hannun mai sarauta. Wanda ya sa mata kuɗi, ko ya hana ta don wata tsohuwar husuma ta gona ko ta siyasa, ya ɗaure mutum ba da shari'a ba. Wanda kuma ya sa hannu a kan mutumin da bai sani ba, ya jawo wa kansa.

Manyan laifuffuka irin kisan kai da fashi da makami dabam suke. Majistare ba shi da ikon yanke su, sai ya sa a tsare mutum, a aika da fayil Ma'aikatar Shari'a a Dutse a jira shawara. A nan ne mutane ke daɗewa. A Nijeriya duka, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Hakimin da ya san talakansa ya yi watanni a tsare babu labari, wasiƙa ɗaya daga ofishinsa zuwa Hukumar Taimakon Shari'a ko Ma'aikatar Shari'a tana iya tono fayil ɗin da aka manta. Doka kuma ta ɗora wa majistare ya riƙa zaga ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke kulle, ya ba da belin wanda ya cancanta.

Wata magana a gefe, ita ce ta bashi. Manomin rani ya karɓi taki da man injin ban ruwa, ruwa ya ci gonar, ya kasa biya. Dillalin kifi ko na riɗi ya yi jinkirin kawo kuɗi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki. Wannan maganar sulhu ce a gaban hakimi, in ta ƙi, a kai wa alƙali. Sai fa in akwai zamba ko cin amana a ciki. Ɓarnar gona ma, in ba a zub da jini ba, sulhu ya fi mata, kuma nan ne hakimi ya fi kowace kotu amfani. Amma inda aka yi kisa ko mummunan rauni, ba a binne maganar a zaure.

A gaban alƙali haƙƙin mutum sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Sashe na 36 ya ce ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. A karanta masa tuhuma da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya kawo lauya, har a kotun shari'ar Musulunci. Ya yi wa shaidu tambaya, ya kawo nasa. Ba a tilasta masa ba da shaida, ba a hukunta shi a kan abin da babu rubutacciyar doka da ta hana, ba a kuma yi masa shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya.

Wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, Tsarin Mulki ya ba shi diyya da neman gafara a bainar jama'a, kuma yana iya kai ƙara Babbar Kotu. A irin wannan ƙara ba 'yan sanda kaɗai ake sa wa suna ba. Wanda ya kai rahoto da gaskiya ya bar 'yan sanda da aikinsu, babu kome a kansa. Amma wanda ya tsaya kai da fata sai an kulle wane, da sanin babu dalili, shi ma yakan shiga cikin masu biya, ko da rawani a kansa.

Saura aikin malamin hakimi. Ya kamata kowane ofishin gunduma ya ajiye littafi guda domin wannan. Duk wanda aka kawo da zargi, malam ya rubuta sunansa da garinsu, da ranar da aka kawo shi, da ƙarfe nawa. Ya rubuta waɗanda suka kawo shi da abin da suka ce ya yi, da harshen da yake ji. Ya dube shi da ido, in akwai rauni ko kumburi ya rubuta inda yake, in babu ya rubuta babu. Ya rubuta kayan da aka zo da su, shanu nawa, buhu nawa, a hannun wa aka bar su. Sa'an nan ya rubuta ƙarfe nawa aka miƙa shi, da sunan ɗan sandan da ya karɓa da lambarsa, da ɗan'uwan da aka sanar. Kada malam ya rubuta cewa mutum ya amsa laifi, ko da ya ji ana faɗa a zaure, domin ɗaukar ikirari ba aikinsa ba ne. Bayan kwana biyu ya aika a tambayo, an kai shi kotu, ko an ba da belinsa, ko yana nan. Amsar da aka kawo ita ma ya rubuta ta, da kwanan wata, a ƙarƙashin sunan.